Tambaya Rabin Ilimi: Yadda ake haɗa manyeto da teburin murya



Kowa ya san rumbu. Abin da anka zuba da kaka, shi ake ɗiba da rani. To, murya ma tana da rumbunta. Kafin zuwan salula, kafin kaset, rumbun murya wani zare ne mai faɗi, launin ƙasa, wanda ake naɗewa bisa faifai. Injin da ke zuba murya cikin zaren, ya kuma fiddo ta, shi ne manyeto. Mutanen Nijeriya suna ce mashi rakoda. Bayanin wanga wata bisa kanshi yake: yadda ake haɗa shi da teburin murya na gidan radiyo, da dalilin da ya sa kuskure guda ke share maganar da ba ta sake samuwa.

MI YA HAƊA MANOMI DA WANGA INJI?

Radiyon Nijar ta fara magana a 1958. A 1974 anka sa mata suna Muryar Sahel. A 1962 kuwa anka kafa ƙungiyar Radiyo-Kulob. Dattawa suna tune da ita. Da dare mutanen gari su taru gindin akwatin radiyo, su saurari shiri bisa noma, ko kiwo, ko lafiya. In shiri ya ƙare, a buɗe mahawara. Mai kula da kulob, wanda sau da yawa malamin makaranta ne, ya aza manyeto ya ɗauki abin da kowa ya faɗa. A aika zaren Yamai. Daga baya manomi ya ji muryarshi tana fitowa daga akwati, ƙasa duka tana saurare.

Masu binciken tarihi su ma sun yi yawo da manyeto. Akwai cibiyar IRSH a Yamai. Akwai cibiyar CELHTO, wadda asalinta ya faro a 1968. Sun ɗauki tarihin garuruwa daga bakin tsofaffi, da kirarin sarakuna, da kiɗan makaɗa, da tatsuniyoyin mata. Yawancin masu maganar sun rasu. Zaren kaɗai ya rage.

Amma zare yana tsufa, injin ma yana tsufa. Mafi yawan masana'antun da ke ƙera manyeto sun daina. Kayan gyara sun yi wuya, masu gyara sun yi ƙaranci. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu ajiyar sauti ta duniya sun yi gargaɗi cewa lokacin kwashe abin da ke cikin irin wanga zare ya kusa ƙurewa. Shi ya sa duk manyeton da ke aiki har yau yake da daraja, wanda ya iya haɗa shi kuma ya fi daraja.

ZARE CIKIN AKWATIN UBA

Ga misali. A ce wani manomi ne ya buɗe akwatin ƙarfen ubanshi bayan rasuwa. Uban ya taɓa riƙe Radiyo-Kulob a garinsu. Ƙarƙashin tsofaffin takardu ya tarda wani ɗan kwali, cikinshi faifan zare. Babu rubutu a jiki. Ranar kasuwa ya sa shi aljihu ya tafi gidan radiyon birni.

Can ya iske wani tsohon ma'aikaci da yaronshi mai koyon aiki. Bayan gaisuwa ya miƙa kwalin ya ce: "Mushe, ga abin da na samu cikin kayan tsohona. Ko akwai magana ciki?"

Ma'aikacin ya karɓa da hannu biyu. Ya ce: "Malam, zauna. Ba yanzu ba. Injin ya daɗe bai yi aiki ba. Sai mun haɗa shi, mun gwada shi da wani zare da ba shi da amfani. Naka shi ne na ƙarshe."

Gaggawa aikin shaiɗan. Ga abin da sunka yi, ɗaya bayan ɗaya.

YADDA ZARE KE RIƘE MURYA

Faɗin zaren milimetir 6 ne da ɗan ɗori. Jikinshi roba ce, an shafe gefe guda da garin tsatsar ƙarfe mai laushi ƙwarai. Maganaɗisu, wato mayen ƙarfe, yana iya jera ƙwayoyin wanga gari yadda yake so. Murya tana shiga mikoro ta zama kuran mara ƙarfi. Kuran ya zama maganaɗisu. Maganaɗisu ya bar sawunshi bisa zare. Ido ba ya ganin sawun, amma injin yana karanta shi.

A Jamus wagga dabara ta fito. Wani mai suna Fritz Pfleumer ya yi rajistarta a 1928, lokacin zarenshi na takarda ne. Kamfanin AEG ya nuna injin farko a birnin Balin a 1935. A 1951 Stefan Kudelski ya ƙera Nagra a ƙasar Suwis, ƙaramin manyeto da ake ratayawa a kafaɗa. Uher na Jamus shi ma na ratayawa ne. Studer da Revox kuwa a ɗakin aiki ake girke su.

Manyeton gidan radiyo yana da kai uku, zaren yana gogar su yana wucewa. Na farko mai shafewa ne. Na biyu mai rubutawa. Na uku mai karantawa. A riƙe wanga jeri, don za a sake komawa gare shi.

TEBURIN MURYA

Ma'aikata suna ce mashi konsol. Wanda ya taɓa ganin noman rani na Jiratawa ko na Ƙonni zai gane shi nan da nan. Ruwa yana zuwa ta ƙananan hanyoyi, kowace da ƙofarta. Mai kula ya buɗe wagga, ya rage waccan. Duka su haɗu cikin babbar hanya. Haka teburin yake. Mikoron mai gabatarwa yana da layinshi, na baƙo da nashi, na mai gurumi da nashi. Kowane layi yana da maɓalli mai zamewa: a tura shi gaba murya ta ƙaru, a jawo shi baya ta ragu. Daga babbar hanya murya ta tafi inda ake so: iska, ko lasifika, ko manyeto.

NA ƊAYA: KURAN

Tsohon ya fara juya injin ya karanta ɗan allon da ke bayanshi. Kuran ɗin Nijar bolt 220 ne, yana kaɗawa sau 50 cikin daƙiƙa guda. Injin da anka yi don Amurka yana son bolt 120 ko abin da ya kusa, da kaɗawa 60. In anka soka shi haka nan, ya ƙone. Wasu ko an rage masu bolt, motarsu tana bin kaɗawar kuran, sai zaren ya riƙa tafiya sannu fiye da ƙa'ida.

Sannan ya soka manyeto da teburi wuri guda, tare da wayar ƙasa. In kowane ya sha kuran daga nashi bango, sau da yawa wani gurnani yana shiga murya, kamar ƙudan zuma cikin tulu. Ya kuma raba wayoyin kuran da na murya, bai bari sun kwanta tare ba.

NA BIYU: TSABTA

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar manyeto, balle da hunturu. Yaron ya naɗa kaɗa bisa tsinke, ya jiƙa ta da alkol mai tsabta, ya goge kawunan uku da duk ƙarfen da zare ke bi. Kaɗar ta fito ja. Ya sake, har ta fito fara. Ba a kai wuƙa ko sukuddireba kusa da kai. Ƙarzuwa guda ta isa ta ɓata shi.

Bayan haka tsohon ya kashe injin. Ya sa anka kwashe duk zaren da ke ɗakin zuwa nesa, har da na manomin. Ya ɗauko wani ɗan inji mai cire maganaɗisun da ya taru bisa ƙarfe. Ya kawo shi kusa da kawunan sannu, ya janye shi sannu, sai da ya yi nisa ya kashe. Kan da ya tara maganaɗisu yana rage kaifin murya duk lokacin da zare ya wuce, kuma abin da ya ragu ba ya komowa.

NA UKU: WAYOYI

Kowane inji yana da mafita da mashiga. Ƙa'idar guda ce: daga mafita zuwa mashiga, kamar yadda ruwa ke fita tulu ya shiga ƙwarya. Waya ta farko ta tashi daga mafitar teburi ta shiga mashigar manyeto. Ita ce ta tafiya. Ta biyu ta tashi daga mafitar manyeto ta komo teburi. Ita ce ta komowa. In injin mai hagu da dama ne, wayoyin su zama huɗu. Yaron ya manna takarda ga kowace, ya rubuta sunanta.

Bakin waya iri biyu ne. Na gidan radiyo mai haƙora uku ne, ana ce mashi XLR, yana kare murya daga gurnani ko da wayar doguwa ce. Na injin gida ɗan siriri ne, ana ce mashi RCA, gajeruwar waya kaɗai ta dace da shi. Ƙarfinsu ma ya bambanta. Teburin gidan radiyo yana fiddo bolt 1 da ɗan ɗori, injin gida yana aiki da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hakan. In mai ƙarfi ya faɗa wa mara ƙarfi, murya ta fashe. In mara ƙarfi ya je ga mai ƙarfi, murya ta nutse cikin huci. Akwai ɗan akwatin da ake sawa tsakani ya daidaita su.

Nan yaron ya yi kuskurenshi na farko. Ya tura maɓallin layin komowa gaba, alhali layin a buɗe yake zuwa babbar hanyar da ke ciyar da manyeto. Lasifika ta ƙwala ƙara, har manomin ya toshe kunne. Tsohon ya jawo maɓallin baya ya ce: "Yaro, ka maida ruwa inda ya fito. Murya ta fita manyeto, ta shiga teburi, ta koma manyeto, ta sake fita, kowane zagaye tana ƙara girma. Layin komowa na kunne ne. Kai shi lasifika, kada ka kai shi hanyar tafiya."

NA HUƊU: TIYA GUDA

In tiyar mai saye ta fi ta mai sayarwa, rigima ba ta ƙarewa. Teburi yana da allurar awo, manyeto yana da tashi. Dole su faɗi magana guda.

An fara da gefen karantawa. Akwai zaren awo, wanda masana'anta ta rubuta wa kuka iri-iri da ƙarfi sananne. Tsohon ya aza shi, ya murɗa ƙananan maɓallan manyeto har allura ta tsaya inda ya kamata. Sannan ya cire shi ya maida kwali, don yana da tsada.

Sai gefen rubutawa. Teburi yana iya fiddo wani kuka siriri mai kaɗawa sau 1000 cikin daƙiƙa. Anka tsaida allurar teburi bisa sifiri. Anka tsaida ta manyeto bisa sifiri. Anka aza zaren gwaji, anka rubuta kukan, anka karanta shi: allura ta koma sifiri. Layin komowa shi ma ya nuna sifiri. Tiya ta zama guda. Daga sifiri zuwa sama jan fenti ne. Allura tana iya leƙa ja, amma kada ta zauna ciki.

NA BIYAR: GUDU DA KUNYA

Zare yana da gudu iri-iri: santimetir 38 cikin daƙiƙa, ko 19, ko 9 da rabi. Mai gudu ya fi kyawon murya, amma ya fi cin zare. Faifan da ke ɗauke da metir 360 yana yin kusan rabin awa a gudun 19, yana wuce awa guda a gudun 9 da rabi. Gudun da anka rubuta da shi, da shi ake karantawa. In an rage, mutum ya yi magana kamar mai barci. In an ƙara, dattijo ya koma kamar tsuntsu.

Faɗin zaren kuma kamar gona yake. Wani injin yana nome shi kunya guda. Wani ya raba biyu, wani huɗu. In anka aza zare mai kunya huɗu bisa kai mai kunya biyu, ana iya jin magana biyu lokaci guda, ɗaya tana tafiya da baya. Zaren bai lalace ba, injin ne ba nashi ba.

Akwai kuma wani maɓalli mai suna biyu: NAB, tsarin Amurka, da CCIR, tsarin Turai. In an zaɓi wanda ba shi ba, murya ta yi kaifi da yawa ko ta dushe.

Na ƙarshe, tsayuwar kai. In bakin garma ya karkace, kunya ba ta fita daidai. Kan karantawa yana da ɗan sukuru. Ana murɗa shi kaɗan-kaɗan, ana saurare, har murya ta fito tas.

NA SHIDA: SAURARI ZARE, BA BAKI BA

Manyeto yana da maɓalli mai wuri biyu. Wuri ɗaya yana jiyar da abin da ke shiga. Ɗayan yana jiyar da abin da ya riga ya kwanta bisa zare, don kan karantawa yana bayan kan rubutawa. Murya tana ɗan makara, ƙasa da rabin daƙiƙa, amma ita ce gaskiya. Ma'aikacin da ke sauraren abin da ke shiga kaɗai yana iya zama awa guda yana jin murya mai daɗi, alhali kai ya toshe, zare bai ɗauki komi ba. Wanda ya shuka bai koma ya duba tsiro ba, kada ya ce ya yi shuka.

JAN MAƁALLI

Sai da rana ta yi tsaka anka zo ga zaren manomin. Tsohon ya sunsuna shi, babu warin tsami. Ya warware kaɗan da hannu, bai manne ba. Yaron ya aza shi, ya bi da shi hanya, ya kai hannu zai danna.

Tsohon ya riƙe mashi hannu. Ya ce: "Dubi fitilar nan."

Wata ƴar jar fitila tana ƙyaftawa. Tun lokacin gwaji injin yake shirye ya rubuta, ba wanda ya kashe. Yatsan yaron kuma yana kusa da jan maɓalli. Kan shafewa shi ne na farko a jeri. Da ya danna, duk abin da ya wuce gaban kan ya tafi kafin kunne ya ji shi. Kaset tana da ɗan haƙori da ake karyawa don kada a shafe ta. Faifan zare ba shi da wanga haƙori. Hankalin ma'aikaci kaɗai ke tsaron shi.

Yaron ya sunkuyar da kai ya ce: "Maigida, na tuba."

Tsohon ya kashe shirin rubutawa. Ya zare wayar tafiya gaba ɗaya. Ya rufe jan maɓallin da takarda mai manne. Sannan ya haɗa mafitar manyeto da kwamfuta, ya bar teburi don saurare kaɗai, bai taɓa maɓallan gyaran murya ba. Tsohon zare wani lokaci sau guda yake yarda ya wuce lafiya, don haka tun karon farko ake kwafe shi.

Faifai ya juya. Huci ya fito, sai kukan zakara, sai tari. Sai wata murya ta yi sallama, ta fara tambayar mutanen gari bisa irin gujiya. Manomin ya miƙe tsaye, ya koma ya zauna. Bai ce komi ba sai da faifan ya ƙare. Sannan ya ce: "Mushe, shi ne. Wanda ya amsa mashi kuma Sarkin Noma ne na wancan zamani."

An zuba mashi kwafi cikin katin salula. An ajiye wani a gidan radiyon, wani a wani wuri dabam. An rubuta bisa kwalin sunan gari, da masu magana, da gudun zare. An maida mashi faifanshi, anka ce ya adana shi, don kwafi ba ya maye gurbin asali.

ABIN DA MAI ZARE ZAI KIYAYE

1. Kada a aza tsohon zare bisa injin da ba a gwada ba.

2. Kada a bar shi cikin rana, ko ƙarƙashin rufin kwano, ko inda damina ke jiƙa bango. Wuri mai sanyi, busasshe, nesa da gara.

3. A nisanta shi da lasifika, da akwatin radiyo, da injin ban ruwa. Duka suna da maganaɗisu.

4. A tsaida shi cikin kwalinshi kamar littafi, kada a danne shi da kaya.

5. In yana warin tsami, a ware shi daga sauran, a gaggauta kai shi. Irin wanga, galibi na shekarun 1950 da 1960, zafi yana kashe shi.

6. In yana manne, ko yana kuka bisa inji yana barin danƙo, a tsaya nan take. Wasu zaren shekarun 1970 da 1980 suna shan laima. Masana suna busar da su cikin tanda ta musamman, da zafin da bai wuce digiri 50 da ƴan kai ba. Wanga ba aikin murhu ba ne, ba kuma aikin rana ba.

7. A tambayi tsofaffi tun suna raye: wa ke magana ciki, a wane gari, wace shekara? A rubuta. Wanda ya koyi karatu da rubutu, ga inda iliminshi zai yi amfani.

Ranar 27 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar da UNESCO ta keɓe don tunawa da irin wagga dukiya ta murya da hoto. Amma ba sai an jira ta ba. Duk gidan da tsohon malamin makaranta, ko malamin gona, ko mai kula da Radiyo-Kulob ya zauna, a buɗe akwati a duba. Wanda ya samu, ya nufi gidan radiyo mafi kusa, ya tambayi wanda ya san aikin. In ya ga an yi gaggawar aza zarenshi ba tare da gwaji ba, ya karɓe abinshi.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.